GADAR SAMA: HA'INCIN DA AKE BINNEWA A CIKIN SIMINTI

Ranar Asabar 30 ga Satumba, 2006, da misalin ƙarfe 12:30 na rana, wani ɓangare na gadar sama da ake kira De la Concorde ya ɓalle ya rikito kan babban titi mai lamba 19 a birnin Laval, maƙwabcin Montiriyal, cikin lardin Kebek na ƙasar Kanada. Tsawon abin da ya rikito ya kai kimanin mita 20. Motoci 2 ne ke wucewa ta ƙarƙashi a daidai wannan lokaci, kankaren ya murƙushe su, mutum 5 da ke ciki suka mutu nan take. Wasu mutum 6 da ke tafiya a bisa gadar suka afka tare da ababen hawansu, suka ji munanan raunuka. Ba a yi girgizar ƙasa ba a ranar, ba wanda ya dasa bam, ba kuma wata babbar mota da ta daki ginshiƙi. Gada ce da aka gina a 1970 bisa lissafin za ta yi shekara 70 tana aiki, amma tana da shekara 36 ta kwanta a kan mutane.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan mutumin Kano ko Kaduna da gadar da ta faɗi a ƙasar dusar ƙanƙara shekara da shekaru? Ruwansa kuwa babba ne. Kanada dai ba a san ta da ƙarancin kuɗi ko ƙarancin injiniyoyi ba, to idan haka ta faru a can, babu ƙasar da za ta bugi ƙirji ta ce ta fi ƙarfin abin. Sannan an binciki wannan faɗuwa filla-filla, aka baje sakamakon a gaban jama'a, ta yadda duk mai son ya san yadda gada ke mutuwa zai gani mataki bayan mataki. Bugu da ƙari, biranen Arewa sun shiga zamanin gadar sama gadan-gadan, har ta zama ma'aunin da ake auna gwamna da shi. Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

ABIN DA BINCIKE YA TONO

Bayan faɗuwar, gwamnatin Kebek ta kafa hukumar bincike ƙarƙashin tsohon Firimiyan lardin, Pierre Marc Johnson, tare da manyan injiniyoyi 2. Suka saurari shaidu a bainar jama'a, aka yanko gutsattsarin kankaren aka kai ɗakunan gwaji, aka tono tsoffin takardu, sannan suka miƙa rahotonsu a watan Oktoba na 2007.

Yadda aka tsara gadar shi ne, daga kowane gefe akwai wani leɓen kankare da ya miƙo bisa titi kamar baranda, a ƙarshensa aka yi ɗan mazauni kamar kujera. A kan waɗannan kujeru aka ɗora dogayen gungumen kankare na tsakiya waɗanda motoci ke bi ta kansu. Ke nan duk nauyin tsakiyar gadar a kan ɗan mazaunin nan ya tattaru. A daidai samansa kuma mahaɗar titin take, wato ɗan tsagin da ake bari domin kankare ya samu wurin miƙewa da tsukewa idan zafi ko sanyi ya zo. Duk ruwan da ya zurara ta wannan tsagi, a kan kujerar yake sauka, a wurin da idon mai dubawa ba ya kaiwa sai an ɗaga gadar.

Manyan dalilai 3 hukumar ta lissafa. Na ɗaya, tun a zane an tara rodin sama a layi guda, aka bar wani sashe mai rauni a ƙarƙashinsa. Na biyu, da aka zo aiki, ba a ma ɗaura rodin a inda zanen ya ce ba. Ƙarfen da ya kamata ya maƙale da na sama don ya rataye kujerar, sai aka sauke shi ƙasa, aka bar wani yanki na kankare babu abin da ya ɗinke shi. Na uku, kankaren da aka zuba ba shi da ingancin jure yanayin wurin. A can da hunturu gishiri ake watsawa a titi don ya narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin sai ya shiga cikin kankare ya daskare, ya narke, ya sake daskarewa, shekara bayan shekara, har ya riƙa rududdugewa daga ciki.

To ina masu sa ido suke ranar da ake wannan aika-aika? Ɗan kwangila ya miƙa aikin rodi ga wani ƙaramin ɗan kwangila, bai bi sawu ya duba ba. Kamfanin injiniyoyin da aka ɗora wa alhakin lura da aikin bai tsaya a kansa yadda ya kamata ba. Aka zo aka kwarara siminti, ya rufe komai ruf. Daga wannan rana babu wanda zai kalli gadar daga waje ya gane cewa an haife ta da ciwo. Tun ran gini, tun ran zane.

Ma'aikatar sufuri ta lardin, wadda gadar ke hannunta, ta sami damar gano ciwon fiye da sau ɗaya. A 1992 an yi wa gadar gyara, aka sauya mahaɗar titin, aka fasa kankare har rodi ya bayyana, amma ba a tsaya an sake lissafin ƙarfinta ba, kuma shimfiɗar hana ruwa shiga da aka tsara za a sa, ba a sa ta ba. A 2004 wani injiniya ya ga tsagu da suka dame shi, ya nemi ƙwararru su zo su duba, aka zo aka duba, aka tashi a kan a ci gaba da lura. Hukumar ta kuma tarar cewa fayil ɗin gadar ba cikakke ba ne, muhimman takardun ginin ba sa ciki.

Abin da ya fi ban takaici shi ne sa'ar ƙarshe. Kimanin awa guda kafin faɗuwar, masu wucewa suka ga wani gutsuren kankare ya faɗo kan titi, suka buga waya suka sanar. Aka turo ma'aikacin sintiri, wanda ba injiniya ba ne. Ya kwashe ɓaraguzan, ya ɗauki hoto, ya nemi a zo a duba, ya tafi. Titi ya ci gaba da zama a buɗe. Gadar ta yi kururuwarta ta ƙarshe, amma tsarin da aka kafa ba shi da kunnen da zai ji, ba shi kuma da hannun da zai rufe hanya nan take.

A ƙarshe hukumar ta ce ba za a iya ɗora laifin a kan mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ba, sarƙa ce ta sakaci da ta miƙe tsawon shekara 35. Ba a ɗaure kowa ba a kan waɗannan rayuka 5. Sai bayan hari aka yi ihu: aka rushe tagwayarta, gadar De Blois, wadda aka gina da irin wannan tsari, aka ware gadoji 135 don bincike na gaggawa tare da rage nauyin motocin da ke hawansu, kuma ya fito fili cewa kusan rabin gadojin ma'aikatar ba su cikin kyakkyawan yanayi.

YADDA KANKARE KE MUTUWA

Ya kamata kowane matashi ya san wannan, ko da bai taɓa shiga ajin injiniya ba. Kankare haɗi ne na siminti da yashi da tsakuwa da ruwa. Yana da ƙarfin gaske idan danna shi aka yi, amma idan ja ne ko lanƙwasawa, ƙarfinsa bai wuce kimanin kashi 1 cikin 10 na wancan ba. Shi ya sa ake sa masa rodi, domin ƙarfe ya ɗauki ja, kankare ya ɗauki danni. Shi kuma kankaren sai ya zama rigar da ke kare ƙarfen daga tsatsa, muddin kaurinsa a bisa rodin ya kai 'yan santimitocin da aka ƙayyade, kuma bai zama mai kofofi kamar soso ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar ruwa da iska, ko gishiri, sun kai ga rodi, sai ya fara tsatsa. Ita kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninkin-ba-ninkin, saboda haka sai ta riƙa tura kankaren daga ciki har ya dare, ya ɓantare ya faɗo. Rodin ya ƙara fitowa fili, ya ƙara sirancewa, ruwa ya ƙara samun hanya. Haka abin zai yi ta cin kansa a hankali.

Yawancin abin da ke jawo wannan, a ranar zubi ake aikata shi. A rage buhunan siminti. A kawo yashi mai laka saboda ya fi arha. A tuttula ruwa fiye da ƙima don kwaɓin ya yi saurin bi, alhali yawan ruwa shi ke raunana kankare. A bar rodi ya kwanta a jikin katakon zubi babu 'yan mataka da za su ɗaga shi. A ƙi girgiza kwaɓin da inji har ya bar ramuka kamar saƙar zuma. A cire katako kafin lokaci saboda ana gaggawar ranar buɗewa. Sannan a ƙi ba shi ruwa, alhali siminti ba bushewa yake yi ba, da ruwa yake ƙarfafa, kuma yana buƙatar a riƙe shi da danshi aƙalla kwana 7. Shi ya sa ƙa'idar aiki ta ce a ɗebi samfuri daga kowane zubi, a kai ɗakin gwaji a murƙushe shi bayan kwana 7 da kuma kwana 28, a ga ko ya kai ƙarfin da aka biya kuɗinsa.

Wata gadar takan lanƙwashe a hankali ta ba mutane lokacin gudu. Irin karayar da ta auku a Laval ba ta da wannan sassauci, karyewa take farat ɗaya kamar busasshen kara. Wanda ya zauna yana jiran ya ga gada ta sunkuya kafin ya rufe ta, yana iya jiran abin da ba zai zo ba.

INA KUƊIN SUKE TAFIYA?

Adalci ne a faɗa cewa hukumar Johnson ba ta ce cin hanci ne ya kayar da gadar De la Concorde ba. Amma 'yan shekaru kaɗan bayan haka, a 2011, matsin lambar jama'a ya tilasta wa gwamnatin Kebek kafa wata hukumar ƙarƙashin Mai Shari'a France Charbonneau don bincikar yadda ake raba kwangilolin gwamnati. Nan aka ji abin kunya. Shaidu suka bayyana yadda 'yan kwangila ke haɗa baki su tsara wanda zai ci wace kwangila, yadda ake kumbura farashi har da kimanin kashi 30 cikin 100, da yadda ake yanka kaso ga jami'ai da jam'iyyu da 'yan ta'addar mafiya. Gilles Vaillancourt, wanda ya riƙe kujerar magajin garin Laval daga 1989 zuwa 2012, ya amsa laifin zamba da cin amana a gaban kotu a 2016, aka yanke masa ɗaurin kusan shekara 6. Gadar da ta faɗi ba a hannunsa take ba, ta lardi ce. Sai dai lissafin ba ya ɓuya: duk kuɗin da ya zurare aljihun wani a kwangilar yau, kuɗin gyaran wata tsohuwar gada ne da ba za a yi ba.

A Italiya ma an ga irin wannan jinkiri mai kisa. Ranar 14 ga Agusta, 2018, wani ɓangare na gadar Morandi da ke birnin Jenowa, wadda aka buɗe a 1967, ya rikito, mutum 43 suka halaka. Igiyoyin ƙarfen da ke rataye da titin a lulluɓe suke a cikin kankare, tsatsa ta ci su a inda ido ba ya gani. An san da matsalar, domin tun farkon shekarun 1990 an ƙarfafa ɗaya daga cikin hasumiyoyin gadar, aka bar sauran. An ma tsara fara gyaran hasumiyar da ta faɗi a cikin wannan shekara ta 2018. Kamfanin da ke riƙe da hanyar yana karɓar kuɗin fito a kullum, gada kuma tana buɗe har ranar da ta tafi da mutane. A 2022 aka fara shari'ar mutum 59 a kan lamarin.

TO A ƘASAR NAN FA?

Legas ta riga ta ɗanɗani tsufan gadoji. Gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka kammala a 1990, an sha rufe sassanta don gyara, ciki har da na 2020 da na 2024. Arewa kuwa nata sababbi ne. A Kano an ga gadar Ƙofar Nassarawa a zangon mulkin 2011 zuwa 2015, sannan doguwar gadar Sabon Gari, da ta Dangi, da ta Hotoro. A Kaduna an sake gina ta Kawo. A Maiduguri an buɗe ta Kwastam a 2021. A Yamai ta Jamhuriyar Nijar an buɗe ta Mali Bero a 2013. Lissafa waɗannan sunaye ba zargi ba ne a kan ko ɗaya daga cikinsu. Abin lura shi ne shekaru. Gadar da aka buɗe a 2014 za ta kai shekarun da ta Laval ta faɗi a 2050. Wanda ya yanke ƙyallen buɗe ta wataƙila ba ya nan a lokacin, ɗan kwangilar ya daɗe da kwashe kayansa. Wanda zai bi ta ƙarƙashinta da iyalinsa shi ne saurayin da ke da shekara 20 a yau.

Gaskiya ne babu dusar ƙanƙara a nan, ba a kuma watsa gishiri a titi. Amma kankaren ƙasar nan yana da nasa maƙiyan. Akwai zafin rana da busasshiyar iskar hunturu, masu zuƙe ruwan sabon zubi kafin ya yi ƙarfi. Akwai magudanan gada da ƙasa da leda ke toshewa, damina ta zo ruwa ya kwanta ya nemi hanya ta mahaɗa. Akwai tireloli da tifofi masu lodin da ya zarce ƙa'ida nesa ba kusa ba, ga ma'aunin nauyin motoci ya zama sai labari a yawancin hanyoyi. Akwai manyan motoci masu dogon kaya da ke gogar cikin gada su ɓantare kankare su wuce abinsu. Akwai ɓarayin da ke kwance ƙarafan gada da dare su kai wa masu sayen tsohon ƙarfe.

Sai kuma wuta. A watan Maris na 2022 gobara ta tashi a shagunan da ke ƙarƙashin gadar Apongbon a Legas, ta gasa kankaren, aka rufe wannan sashe fiye da shekara guda, miliyoyin mutane suka sha azabar cunkoso. A birnin Atlanta na Amurka, a Maris na 2017, kayan roba da aka jibge a ƙarƙashin babbar hanya suka kama wuta, wani sashe na gadar ya zube gaba ɗaya. Duk wanda ya san ƙarƙashin gadojin biranen nan ya san abin da ke wurin: masu suya, masu ƙona shara, masu sayar da fetur a galan, masu faci da tarin tayoyi.

Game da ingancin aiki kuwa, gine-ginen ƙasar nan sun riga sun ba da shaida. Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ya ruguje, mutum sama da 40 suka mutu, yawancinsu leburori. A Yulin 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos, mutum 22 suka rasu, galibinsu ɗalibai. Ko da kamfanonin da ke gina gada sun fi masu gina bene girma, ƙasar ɗaya ce, kasuwar rodi ɗaya ce, al'adar sa hannu a takarda ba tare da zuwa wurin aiki ba ita ma ɗaya ce. Wane dalili ne zai sa a ɗauka cewa ciwon ya tsaya a bakin gada?

Duk lokacin da irin wannan ya faru, kalmar da mahukunta ke saurin fakewa da ita ita ce ƙaddara. Ko shakka babu, ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma wannan bai taɓa wanke wanda ya karɓi kuɗin buhu 10 ya zuba 7 ba, bai kuma wanke wanda ya ga tsaga ya kau da kai ba. Mai tauye mudu a kasuwa hatsi kawai ya rage wa mutum, kowa kuma ya san sunan abin da ya yi. Mai tauye siminti a ginshiƙin gada fa, wane suna za a ba shi?

ABIN DA YA HAU KAN MAHUKUNTA

Babbar matsalar ita ce gyara ba shi da biki. Sabuwar gada ana kiran maroƙa da makaɗa, a sa mata sunan wani babba, a lika hotonta a fostar zaɓe. Yashe magudana da sauya mahaɗa ba su da hoto. Matuƙar haka ake auna shugabanni, za a ci gaba da ciwo bashi a gina sababbi, tsofaffi na ruɓewa.

Wajibi ne kowace jiha, da ma'aikatar ayyuka ta tarayya da hukumar FERMA, su mallaki rajistar kowace gada: ranar da aka gina ta, wanda ya zana, wanda ya gina, wanda ya sa ido, zanen yadda aka gina ta a zahiri, da sakamakon gwajin kankarenta. A Amurka, bayan gadar Silver ta faɗi a Disamban 1967 ta kashe mutum 46, aka kafa dokar duba gadoji a kai a kai, galibi duk shekara 2. Kebek ma bayan Laval ta koma wallafa yanayin gadojinta don kowa ya gani. Babu abin da zai hana a yi haka a nan in ban da rashin niyya. Dole ne mai sa ido a kan aiki ya zama ba ya cin abinci daga hannun ɗan kwangila, kuma hukumar COREN ta ƙwace lasisin duk injiniyan da ya sa hannu a kan abin da bai gani ba. A ware kuɗin kula da gada a kasafin kowace shekara tun ranar da aka buɗe ta. A ba ƙaramin jami'in da ke bakin aiki ikon rufe hanya nan take idan ya ga kankare na zuba, ba tare da tsoron za a ce ya kunyata gwamnati ba. Masu neman abinci a ƙarƙashin gada kuma a sama musu wani wuri kafin a tashe su, domin talauci ne ya kai su can, bulala da ƙwace kaya ba su taɓa raba talaka da wurin da yake samun na tuwo ba.

ABIN DA YA HAU KAN MATASA

Ba a gina gada a ofis. Hannun da ke ɗaurin rodi, da kafaɗar da ke ɗaukar kwanon sarki, da mai juya injin kwaɓi, da direban tifar yashi, da ɗan ƙaramin injiniyan da aka bari a wurin aiki, kusan dukkansu matasa ne. A Laval, ɗaya daga cikin manyan dalilai 3 na mutuwar mutum 5 shi ne rodin da aka ɗaura ba a mazauninsa ba. Wanda ya ɗaura shi mai yiwuwa bai taɓa sanin abin da hannunsa ya shuka ba. Saboda haka matashin da ke wannan sana'a ya san cewa amana ce ta rayuka a hannunsa, ta mutanen da bai sani ba, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Ya koyi karanta zanen rodi. Idan an ce ya tsallake zobe ko ya ƙara ruwa, ya tambayi dalili. Ba a jahilci cewa mai faɗin gaskiya a wurin aiki yana iya rasa aikin yini ba, ga iyali na jira a gida. Shi ya sa magana ta mutum ɗaya ba ta isa, sai masu sana'a sun haɗa kai a ƙungiyoyinsu, ta yadda idan aka kori ɗaya don ya ƙi ha'inci, ba za a sami wanda zai maye gurbinsa ya yi ba.

Direban babbar mota ya san tsawon kayansa da nauyinsa kafin ya tunkari gada. Mai sana'a a ƙarƙashinta ya nisanta wuta da mai daga ginshiƙi. Mai sayen tsohon ƙarfe ya ƙi karɓar abin da ya san daga gada aka kwanto shi.

Sauran jama'a kuma, musamman masu Adaidaita Sahu da 'yan acaɓa da ke bin ƙarƙashin gadoji sau goma a yini, su ne idon da hukuma ba ta da shi. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: jan tabon tsatsa da ke gangarowa a jikin kankare, farin dafi kamar kanwa a bakin tsaga, tsagar da ke ƙara faɗi ko wadda ta tafi a karkace kusa da inda gungume ya zauna a kan ginshiƙi, rodi a waje, ciyawa ko ɗan itace da ya tsiro a mahaɗa, ruwan da ke ci gaba da ɗiga bayan an ɗauke ruwan sama da daɗewa, ɓaraguzai a ƙasa da ba a san daga inda suka fito ba. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya ɗauki hoto da ranar da ya ɗauka, a rubuta takarda zuwa ma'aikatar ayyuka da sa hannun mutanen unguwa, a karɓi shaidar an miƙa, a ajiye kwafi, a kai gidajen rediyo. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun kwangila daga hukumomi a rubuce, kuma ɗaliban injiniya da na shari'a a jami'o'i su ne suka fi cancanta su ja gaba a wannan.

Idan ɗan siyasa ya zo yana tutiya da gadar da ya gina, a yi masa tambayoyi 3 cikin ladabi: ina sakamakon gwajin kankarenta, yaushe aka duba ta na ƙarshe, kuma nawa aka ware bana don kula da ita? Wanda ya yi aiki tsakani da Allah ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Wanda ya fusata kuwa, ya riga ya ba da amsa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.